Tarkwa Bay: Inda Talakan Legas Yake Iya Taɓa Teku

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, jihar Legas kaɗai ta kwashi kimanin kilomita 180 daga ciki. Wanda ya ji wannan lissafi sai ya ɗauka ganin teku a Ikko ba wani aiki ba ne, mutum ya fito daga gida kawai ya miƙe kudu har ƙafarsa ta taɓa ruwa. A da haka abin yake. Yau kuwa, daga Victoria Island har ka dangana da Lekki, kusan duk inda rairayi ya haɗu da ruwa akwai katanga, akwai ƙofa, akwai mai karɓar kuɗi a tsaye. Inda babu ƙofa, to ko dai an cike wurin da yashi an kafa benaye, ko kuma teku ya riga ya cinye shi.

Shi ya sa Tarkwa Bay ya isa a yi maganarsa. Wani ɗan lungu ne na bakin teku a yammacin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, can tsallaken ruwa daga Victoria Island. Mota ba ta zuwa, babur ba ya zuwa, sai jirgin ruwa. Wahalar zuwan nan ita ta kare shi daga masu gine-gine shekara da shekaru. Ita ce kuma ta sa 'yan uwanmu da yawa mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12 suka yi aure a Legas, suka haifi 'ya'ya suka aurar, ba su taɓa taka wurin ba.

Ana hawa jirgi daga matsayar CMS a Marina, ko ta Falomo a Ikoyi, ko wasu ƙananan matsayu a Victoria Island. Jiragen ƙanana ne masu inji a baya, tafiyar kuma minti 15 zuwa 20 ce idan ruwa na kwance. Kafin a tashi dole kowa ya sa rigar ruwa, dokar LASWA ce, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar wadda aka kafa a 2008. Duba rigar da aka miƙo maka. Idan igiyarta ta tsinke ko maɗaurinta ya karye, ka ce a sake maka wata, ko da matuƙi ya ce ai tafiyar ba nisa. Yaro kuma a nema masa daidai jikinsa, don ta babba zamewa take yi ta kansa da zarar ya faɗa ruwa.

Hanyar da ƙaramin jirgin zai bi ita ce ta manyan jiragen dakon kaya masu shiga Apapa da Tin Can. Wanda bai taɓa ganin irin wannan jirgi kusa da kusa ba, a nan zai gani. Gefensa kawai ya tashi sama ya tare maka gari, ƙarfe baƙi da tsatsa na zubowa a jikinsa, kwantenoni jere bisa jere har sai ka ɗaga kai hularka na neman faɗuwa. Ba ya gudu, ba ya ƙara sosai, amma idan ya gifta sai ya bar raƙuman ruwa a bayansa. Matuƙin da ya san aikinsa zai rage wuta, ya juya hancin jirgi ya fuskance su, jirgin ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, ruwan gishiri ya fantsamo wa na gaba a fuska. A daidai nan hira take yankewa. Mai salati ya yi salati, mai kiran Yesu ya kira, uwa ta ƙanƙame ɗanta. Minti ɗaya ne, sai ka ji an koma ana dariya.

Kafin a isa, mutum zai hangi wasu dogayen ganuwoyi na baƙaƙen duwatsu sun miƙe cikin teku. Duk labarin gaɓar Legas a jikin waɗannan duwatsu yake.

Tun asali bakin mashigar Legas yashi ne ke toshe shi, yana kaiwa yana komowa, manyan jiragen Turawa ba sa iya shiga. Sai su tsaya can waje a riƙa sauke kaya da mutane cikin ƙananan jirage, ana asarar dukiya da rayuka. Tsakanin 1908 da 1912 gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila ta jibge duwatsu ta yi ganuwa a gabas da yammacin mashigar, domin hanya ta zauna a buɗe. Hanya kam ta buɗe, Legas ta zama babbar tasha, gyaɗa da audugar Kano da fatun Sakkwato suka riƙa fita ta nan. Sai dai akwai abin da aka taɓa. A wannan gaɓa ta Afirka ta Yamma igiyar ruwa tana bugowa ne a karkace, tana tura yashi daga yamma zuwa gabas dare da rana. Da ganuwa ta tsaya a hanya, sai yashin ya riƙa taruwa a yammacinta, gabas kuma aka yanke mata abinci. Yamma ta yi ta ƙaruwa, ta samu faffaɗan rairayi, ta samu wannan lungu mai ruwa kwance da ake kira Tarkwa Bay. Gabas, wato Bar Beach, teku ya yi ta gatsarta har aka yi asarar fiye da kilomita guda na ƙasa a kusa da ganuwar. Ganuwa ɗaya ce ta gina wannan ta rushe wancan.

Duk wanda ya zauna Legas kafin shekarun 2000 ya san Bar Beach. Ba ƙofa, ba tikiti. Ranar Sallah ko Kirsimeti gari ne guda yake tashi a can: masu tsire da balangu, masu dafaffiyar masara, masu ɗaukar hoto, 'yan Arewa masu ba da hayar doki, mabiya cocin fararen kaya suna addu'a da kyandir a bakin ruwa. Wurin yana da nasa baƙin tarihin, domin a nan gwamnatin soja take harbe 'yan fashi a bainar jama'a, ciki har da Ishola Oyenusi a watan Satumbar 1971. Amma ga yawancin mutane, nan ne wurin da leburan da ya baro Katsina ko Maraɗi yake fara ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa, ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Gwamnatoci sun yi ta zuba yashi teku na kwashewa. Ya kai ga idan ya tumbatsa sai ya haura titin Ahmadu Bello Way ya shiga ofisoshi. A 2008 aka fara aikin Eko Atlantic: aka haƙo yashi daga ƙarƙashin teku aka cike wurin, aka tare shi da katangar dutse da kankare wadda aka tsara za ta kai kilomita takwas da rabi. Gaskiya ɗaya ce, katangar ta ceci Victoria Island, wanda ya ga yadda ruwa ke kwanciya a titin nan ba zai yi musu ba. Amma abin da aka gina a kan sabuwar ƙasar birni ne na masu hali, kuma ba a ware wa jama'a wani bakin teku a madadin wanda suka rasa ba. Mazauna ƙauyukan gabas, irin su Okun Alfa, sun daɗe suna kukan cewa zaizayar ta koma kansu. A Kuramo, maƙwabcin Bar Beach, tumbatsar teku ta watan Agustan 2012 ta tafi da mutum 16, daga nan aka rushe rumfunan wurin. A watan Afrilun 2024 kuma aka rushe wani ɓangare na Landmark Beach don aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba mai tsawon kilomita 700, wadda ita ma daga Ahmadu Bello Way ta tashi.

To, a koma Tarkwa.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne shiru. Ba odar mota, ba ihun kwandasta. Ga benayen Eko Atlantic can tsallake ana hangensu, amma hayaniyar birni ba ta ƙetaro ruwa ba. Akwai masu ba da hayar rumfa da kujera, akwai 'yan kuɗaɗen da ake karɓa, ciniki kuma ana yinsa kamar ko'ina a Legas. Masu kwakwa suna yawo da adda, su sare kan ɗanya a gabanka ka sha ruwan, sannan su tsaga maka ita ka kankare farin da ke ciki. Akwai gasasshen kifi da barkono. Wanda yake da iyali gara ya riƙo abincinsa da ruwan shansa daga gida, domin duk abin da ake sayarwa a nan jirgi ne ya kawo shi, kuɗin jirgin kuma yana cikin farashi.

Cikin lungun kansa ruwa yana da sauƙi, saboda duwatsun sun karya ƙarfin igiya kafin ta iso. Shi ya sa ake kawo yara. Ta wajen ganuwar kuma igiya tana naɗowa da tsari, a nan yaran Tarkwa suka koyi wasan nan na hawa raƙumin ruwa a kan allo. Za ka ga yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya kwanta a kan allonsa yana tuƙi da hannu, yana waiwaye. Da ya ga wadda yake so ta taso, sai ya zabura ya miƙe tsaye, gwiwa a lanƙwashe, ruwa na gudu da shi har ya kawo shi gaɓa. Yawancinsu 'ya'yan masunta ne da matuƙa jirgi. A Najeriya kaf ba a san wani wuri da ya kai Tarkwa a wannan wasa ba.

Mai son kallon halittar Ubangiji ya zo da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi. A kan jiƙaƙƙen rairayi zai ga ƙananan ramuka birjik, kowanne da ɗan tulin yashi a bakinsa. Gidajen ƙaguwa ne, wata iri mai launin yashin kanta, wadda ba ka ganinta sai ta motsa. Idan ka tsaya cak ba ka yi motsi ba, za ta leƙo da idanunta masu tsini, ta fito, ta ruga a karkace ta ɗauki abin da ruwa ya kawo, ta koma rami kafin igiya ta biyu ta iso. Akwai zalɓe da balbela a kan duwatsu. Akwai fararen tsuntsayen teku masu zuwa daga Turai idan sanyi ya kama can, suna shawagi su tsunduma su fito da kifi. Da rani kuma ga shirwa, ita ɗin dai da muka sani tana fauce 'yan tsaki a Arewa: kudu take yin rani, idan damina ta kama ta biyo ruwa ta koma gida.

Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, gwargwadon tafiyar wata. A Legas bambancin bai wuce kimanin mita guda ba, amma ya isa ya tafi da takalmin da aka ajiye kusa da ruwa.

Idan aka taka da ƙafa zuwa yamma, aka haura duwatsun, sai a fito Lighthouse Beach, wanda ya ci sunan wata tsohuwar hasumiyar fitila da aka gina don shiryar da jirage a ƙarshen ƙarni na 19. Nan rairayi ne miƙaƙƙe, yana tafiya har wajen Badagry, mutane kuma jefi-jefi. A irin wannan gaɓa kififiyar teku take fitowa da dare, galibi lokacin rani, ta haƙa rami da ƙafafunta na baya ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe ta koma ruwa. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su fito su nufi inda suka ga haske. Idan hasken sararin teku ne, sun tsira. Idan fitilar gini ce a bayan gaɓa, sai su juya wa ruwa baya su mutu a kan tudu. Dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta haramta kama su, amma har yanzu ana kwashe ƙwan ana yanka uwar. Idan an kawo maka talla, kada ka saya.

A nan ne kuma zan ja kunne, musamman ga samarinmu da suka koyi iyo a kogi ko madatsar ruwa irin Tiga. Ruwan Lighthouse Beach ba sa'an na cikin lungu ba ne, kuma iyon kogi ba ya fid da mutum a teku. Igiya tana ta jibgo ruwa a gaɓa, ruwan nan kuwa dole ya koma. Kamar yadda ruwan sama ke taruwa a kan soro ya nemi indararo, haka shi ma yake taruwa ya sami wata 'yar siririyar hanya ya fice da gudu zuwa cikin teku. Abin takaicin shi ne wannan hanya ita ta fi kama da wurin aminci, domin a nan igiya ba ta fashewa, ruwa ya yi duhu ya kwanta lumui. Wanda ya shiga sai ya ji ana jansa ciki. Idan ya ce zai yi kokawa da ruwan ya dawo gaɓa kai tsaye, gajiya ce za ta kashe shi. Abin yi shi ne ya kwantar da hankali ya bar jikinsa ya taso, ya yi iyo a gicciye, gefe guda, har ya fita daga hanyar, sannan ya nufo tudu yana ɗaga hannu a gan shi. Na tudu kuma kada ya faɗa don ceto in ba gwani ba ne; ya yi kururuwa, ya jefa abin da ke tasowa a ruwa. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa maimakon ɗaya. Teku ya fi haushi da damina, daga wajen Mayu zuwa Satumba, ya fi lafawa daga Nuwamba zuwa Maris. Kafin ka shiga ko'ina, tambayi 'yan wurin. Su suka san ruwansu.

Mai iyali zai tambaya ko wurin ya dace a kai mata da yara. Ya danganta da rana da lokaci. Asabar da Lahadi da yamma akwai kiɗa, akwai shaye-shaye, akwai shigar da ba kowa ke son 'ya'yansa su gani ba, ba kuma amfanin ɓoye wannan. Ranakun aiki da safe kuwa wurin kusan naku ne ku kaɗai. Sallah ba ta da wahala: ruwan teku mai tsarki ne, malamai sun tabbatar ana alwala da shi, alƙibla kuma daga Legas arewa maso gabas take, wato mutum zai ɗan ba teku baya. A shirya komawa tun rana na sama, domin an hana ƙananan jirage tafiyar dare, kuma hanin yana kan gaskiya.

Abin da ke ɓata wa mutum rai a Tarkwa shara ce. Duk abin da aka jefa a kwata a Mushin ko Ajegunle, ruwan sama ya kai shi tafkin Legas, tafki ya fitar da shi ta wannan mashiga ɗaya tilo, teku ya mayar da shi gaɓa. Bayan ruwan sama mai ƙarfi za ka tarar da layi guda na robar lemo, ledar fiya wata, silifas warin ƙafa, farar robar zuba abinci, haɗe da kainuwar da ta tsinko daga tafki. Masunta su ja taru da ƙyar, su zauna suna tsince leda daga cikin kifi. Kififiya kuma tana haɗiye farar leda a zaton abincinta ne. Gwamnatin jihar ta haramta farar robar abinci a watan Janairun 2024, ta fara tilasta hana wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar daga Yulin 2025. Mataki ne mai kyau. Masu rumfuna da ƙungiyoyin sa-kai suna shara, amma mai share gaɓa ba zai taɓa cim ma birni mai mutum sama da miliyan goma sha biyar ba, sai an tare abin daga kwata.

Akwai kuma abin da ya fi shara ciwo. Ranar 21 ga Janairun 2020 sojojin ruwa suka dira Tarkwa Bay suna harbi sama, suka ce kowa ya tattara ya fita. Dubban mutane ne suka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka suka yi cirko-cirko a bakin ruwa suna jiran jirgi, daga baya aka rushe gidaje. Hujjar hukuma ita ce ana fasa bututun man da ya taso daga ma'ajiyar Atlas Cove da ke kusa. Fasa bututu laifi ne, ya kuma sha jawo gobarar da ta ci rayuka a Legas, ba wanda zai goyi bayansa. Amma ɓarawo kama shi ake yi a kai shi kotu. Ba a korar unguwa guda, da tsofaffinta da 'yan makarantarta, saboda laifin wasu. Tun a watan Yunin 2017 wata babbar kotun jihar ta yanke cewa tashin mazauna bakin ruwa ba tare da sanarwa da tanadin matsuguni ba ya saɓa wa tsarin mulki, bayan irin wannan tashin da aka yi wa mazauna Otodo Gbame. Kafin nan an yi na Maroko a 1990, wurin da yau ya zama unguwar masu kuɗi. Wannan tarihi shi ya sa mutanen Tarkwa ba sa barci da ido biyu rufe. Baƙi sun dawo, jirage suna kai da kawowa, amma mai kai maka kujera da mai sare maka kwakwa da yaron nan na kan allo, da yawansu sun san yadda ake wayar gari ba gida.

Ba wai Legas ba ta san yadda ake killace wuri don amfanin kowa ba. A Lekki akwai gandun Lekki Conservation Centre, hekta 78 na fadama da kurmi, wanda gidauniyar Nigerian Conservation Foundation ta kafa a 1990, lokacin da yankin duk daji ne. Yau gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, amma a ciki birai na tsalle, kada na kwance a fadama, ga gadar igiya mai tsawon mita 401 da ake bi ta saman itatuwa, 'yan makaranta na zuwa mota-mota. Da ba a shata shi a wancan lokaci ba, da yanzu rukunin gidaje ne. Irin wannan shatar Tarkwa Bay da Lighthouse Beach suke bukata tun kafin ido ya kai kansu: a ayyana su a doka a matsayin wurin shaƙatawar jama'a, a sa masu ceto da tutar gargaɗi a bakin ruwa, a gina makewayi da wurin sallah, a hana fitila mai ƙarfi inda kififiya ke ƙwai, a kuma ba mutanen wurin takardar zama, su zama su ne masu gadi da masu jagorar baƙi, tunda ba wanda ya fi su sanin ruwan.

Kai kuma ɗan uwa da ke neman abinci a Ikko, ko ka zo sarin kaya, ko ka kawo shanu, ware safiya ɗaya ka ɗauki yaranka ku je. Ku sa rigar ruwa, ku tsaya cikin lungu, ku sayi wani abu a hannun mutanen wurin, ku kuma dawo da shararku a leda.